Karatunmu da Hassan a Gindin Gawo

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara. Tun ƙarfe goma na safe rufin kwanon ajin da nake koyarwa a nan Illela yake fara ƙara kamar ana taka shi, yara su kifa kai a kan benci, leɓunansu sun bushe sun yi fari. Ranar sha biyu ga wata na zaga layin baya, inda marasa ƙoƙari suke taruwa, na ɗauki littafin wani ɗalibi. Rubutu tsaf, ya kwafe duk abin da na sa a allo, ko ɗigo bai bari ba. Na ce ya faɗa mini da Hausa abin da ya rubuta. Ya dubi littafin, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ban yi masa faɗa ba. Na koma kujerata na zauna. Shekara talatin da 'yan kai ke nan rabon da azumi ya zo mana a irin wannan zafi, kuma a wancan karon ni ne na sunkuyar da kai, ni da ɗan'uwana Hassan.

Mu tagwaye ne, a Kalmalo aka haife mu, kuma mu ne 'ya'yan fari, shi ya sa Inna ba ta kama sunan Hassan. Babba take ce masa, ni kuma Ƙarami, ko da yake tazarar da ke tsakaninmu ba ta wuce a dama kunu ba. Baba manomin albasa ne, yana da garka a bakin tafki. Shi bai yi boko ba, amma ya gaji da yadda ake juya shi a bakin iyaka duk lokacin da aka miƙo masa takarda, sai ya yi alkawari 'ya'yansa za su iya karanta ta. Haka muka samu kanmu a ƙaramar sakandare, kullum muna takawa daga Kalmalo zuwa Illela mu dawo.

Mun haye aji ɗaya da ƙyar, muka faɗi a aji biyu, aka ce mu maimaita. Dokar kuwa ita ce, wanda ya maimaita ya sake faɗuwa, sallamarsa ake yi. Ba fashi muke yi ba, ko sau ɗaya ba mu taɓa laɓewa a hanya ba. Littattafanmu sun fi na kowa tsabta. Abin da muka ɗauka shi ne karatu: malam ya rubuta, ka kwafa, ka kai gida ka ajiye. In jarrabawa ta matso mu yi ta rera abin da muka kwafa kamar waƙa, ba mu san ma'anar ko kalma ɗaya ba. In an zo kiran sakamako, daga ƙasa ake samunmu, ni na biyun ƙarshe, Hassan na ƙarshe, wani zangon mu yi musanya. Bencinmu yana dab da ƙofar baya, sai 'yan aji suka laƙaba mana masu gadin ƙofa. Hassan dariya yake yi in an faɗa. Ni kuwa har cikin ƙashina nake jin ta.

Shekarar ta zo da wuya tun daga tushe. A daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, rumbunmu ko rabi bai yi ba, kafin sanyi ya wuce Inna ta fara shiga ciki tana share ƙasansa da tsintsiya. Tafki ya yi ta ja baya, ya bar laka ta tsattsage, har akuya kan karya ƙafa a cikin tsagar. Masunta suka ajiye taru suka koma haƙar gaiwa, kifin nan da ke binne kansa a busasshiyar laka. Fulani sun yi kudu da shanunsu da wuri, nono ya ɓace, fura ta koma ta ruwa zalla. Rijiyar garkarmu kuwa duk mako sai Baba ya shiga ya ƙara mata zurfi, ya fito jikinsa duk taɓo, ya tsaya yana kallon albasar da ta ƙi girma.

Ana cikin haka sanƙarau ya shigo. Aka fara jin labarinsa daga ƙauyuka, sai ga shi a cikin gari. Saura kwana uku azumi aka tara mu aka ce an rufe makaranta sai yadda hali ya yi, in an dawo kuma jarrabawar canjin aji za a shiga kai tsaye.

Yara suka watse da ihu. Mu bakwai na layin baya muna shirin fita, sai Malam Garba ya tare ƙofa. Shi ne malaminmu na kimiyya, mutumin Amarawa, siriri, kullum ƙafar wandonsa a ɗaure saboda keke. Ya ce mu zauna, ya dube ni.

"Husaini, buɗe littahinka. Karanta min nan."

Na karanta, ina tuntuɓe.

"To, mi yac ce?"

Na sake duban shafin.

"Ba da Turanci ba. Da Hausa, kamar kana ba Innarka labari. Mi yac ce?"

"Ban sani ba, Malam."

Ya tambayi Hassan, ya tambayi sauran, amsa ɗaya. Na jira bulala, ba ta zo ba. Ya zauna a kan benci kusa da mu, abin da ban taɓa ganin wani malami ya yi ba.

"Shekara biyu hannunku na karatu, kanku bai yi ba," in ji shi. "Ba laihinku ku kaɗai ba na. Mu ma mun ga rubutu mai kyau munka wuce. Yanzu ga shi babu malamin da zai bi ku gida, sai ku koyar da kanku."

Ya ce mu zaɓi lokaci guda da wuri guda, kullum, kada mu canza. Mu karanta layi huɗu kacal, ba shafi ba, sannan mu rufe littafin mu faɗa wa wani da Hausa abin da muka karanta. Kalmar da ta gagare mu, mu rubuta ta a bayan littafi mu nemo ma'anarta. Wanda yake saurare kuma kada ya ji kunya, in bai gane ba ya ce bai gane ba, a sake. Ya zaro wani ƙaramin ƙamus daga aljihunsa, bangonsa ya cire, an ɗinke shi da zare, ya miƙa mana mu biyu, tunda mu ne muka fi nisa da gari.

Hassan ya ce, "Malam, in mun hwaɗa ba daidai ba fa, wa zai gyara muna?"

"Littahin na nan. Ku buɗe ku duba. Shi ba ya gajiya, kuma ba ya duka."

Da yamma muka gaya wa Baba a garka. Bai ɗago daga ramin da yake yi wa ruwa ba, ya ce, "In kunka sake hwaɗuwa ba ni zuwa roƙon kowa. Jigon ban-ruwa na nan shina jiranku." Hassan bai damu ba. Shi burinsa ya zama direba, ya riƙa ɗaukar albasa zuwa Ƙonni, har ya iya kwaikwayon ƙarar kowace mota da baki. Ni ne nake son makaranta, amma kunya ba ta barina in faɗa. Wa zai yarda na biyun ƙarshe yana son makaranta? Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Aka ga wata. Ranakun suka zama iri ɗaya, har yau zan iya jera su. Mu yi sahur da ɗumamen tuwon dawa, mu cika ciki da ruwa. In an sallame Asuba mu kama hanyar garka, mu isa daidai lokacin da gari ya yi hasken da za a iya ganin harafi. A gefen garkar akwai wani babban gawo, shi kaɗai yake da ganye a wannan lokaci, nan muka zaɓa. Mu zauna mu jingina da shi, littafi ɗaya a tsakani, har sai inuwarsa ta bar bakin rijiya. Daga nan sai ban-ruwa: ɗaya yana jan jigo, ɗaya yana buɗe wa ruwa hanya fangali bayan fangali. Kafin azahar iska ta zama kamar hucin tanda, ƙasa ba ta takuwa ko da takalmi, harshe ya manne a dasashi. Sai mu tsoma rigunanmu a rijiya mu sa su a jiƙe mu kwanta, kafin ka juya sun bushe. Bayan la'asar a shiga cirar albasa, mu kai wa Inna lawashi ta daka ta cura gabu ta shanya. Warinsa yana bin komai a gidan, har tabarma. In an kira magariba sai kunun tsamiya tsararo, wanda kana hango ƙasan ƙwarya ta cikinsa, wata rana da ɗan garin rogo da ƙuli-ƙuli. Yanzu ina ganin injin ban-ruwa yana yin aikin yininmu cikin sa'a guda, yara kuma suna wucewa da ƙanƙara a leda kafin shan ruwa. Mu randar Inna ce ƙanƙararmu, wadda take naɗe wa jiƙaƙƙen buhu tun da hantsi.

Makon farko azaba ne. Layi huɗu sai su cinye mana safiya. Kusan kowace kalma sai mun buɗe ƙamus, wani lokaci ma'anar ma sai an nemo mata ma'ana. Ni ne mai saurin karantawa, sai in karanta, in rufe, in juya wajen Hassan in fara bayani. Ya saurara, ya karkace kai.

"Ban gane ba. Sake."

In sake.

"To, dommi hakan?"

"Haka littahi yac ce!"

"Ai ba littahi nit tambaya ba, kai nit tambaya."

Sai in fusata in buɗe in sake dubawa, kuma sau da yawa sai in tarar ni ma ban gane ba, baki kawai nake motsawa. In nasa juyin ya zo, a hankali yake bi, yatsa a kan kowace kalma, amma in ya rufe littafi ya faɗa, da misalin jaki ko na mota yake faɗa, har in yi dariya ban shirya ba. A mako na biyu layi huɗu suka zama takwas. Muka shigo da tarihi da Turanci, muka bar lissafi zuwa gaba don Hassan ya tsane shi.

Wata safiya muka zo kan darasin da yake cewa zafin rana yana ɗaga ruwa ya mai da shi tururi ya hau sama. Na rufe na faɗa. Hassan ya girgiza kai.

"Ƙarya na. Ƙasa ka shanye ruwa, kowa ya sani."

"Ga shi a rubuce."

"Wanda yar rubuta ya taɓa ban-ruwa?"

Da muka koma gida ya ɗauki tasoshin Inna guda biyu, ya zuba wa kowace ruwa moɗa ɗaya. Ya rufe ɗaya da faifai ya tura ƙarƙashin gado, ɗayar ya hau ya ɗora a kan rufin ɗaki, ya kifa mata tsohon rariya saboda tsuntsaye. Ya ce tasa ba ta yoyo, ƙasa kuma ba ta kai can, in ruwan ya ragu ya yarda. Inna ta fito ta kama faɗa, ruwan da ta ɗauko a ka tun daga bakin tafki shi za a yi wasa da shi? Hassan ya yi ta lallashinta har ta ƙyale.

Washegari da la'asar ya hau ya sauko da tasar. Babu ko ɗigo, sai wani farin zobe a ƙasanta. Ta ƙarƙashin gado kuwa tana nan yadda aka zuba. Ya daɗe yana juya busasshiyar tasar a hannunsa, sannan ya ɗaga kai ya dubi wajen tafki.

"Ƙarami," ya ce a hankali, "ashe sama tabkinmu ka tahiya."

Da aka sha ruwa Baba ya sa shi ya maimaita bayanin tun daga farko, ya karɓi tasar ya shafa cikinta da yatsa. Da zai tashi sai ya tura mana ragowar kununsa. Ranar ce makaranta ta fara shigowa gidanmu. Daga nan Hassan ya canza, wata safiyar shi yake riga ni ɗaukar littafi.

Ranar ashirin da ɗaya ga wata muka sa za mu fara lissafi. Da muka fito daga masallaci Hassan ya dafa bango ya ce kansa yana ciwo.

"Ƙyuya ta," na ce. "Ka san yau lissahi na."

"Wallahi kaina, Ƙarami."

Na ja hannunsa. Na ji zafi a tafinsa, amma wa jikinsa ba shi da zafi a wannan watan? Ya biyo ni yana jan ƙafa. A gindin gawo ya jingina ya rufe ido, ya ce hasken yana sukarsa. Na karanta, na rufe, na yi bayani. Bai ce a sake ba, bai ce dommi ba. Na sake, shiru. Raina ya ɓaci, na tuna jarrabawar da ke jiranmu, na tuna jigo, na tuna masu gadin ƙofa.

"In ba ka so, tahi ka zama direbanka ka bar ɓata min lokaci," na ce. "Dama kai ka ja ni baya tun aji ɗaya."

Ya buɗe ido da ƙyar ya dube ni. "Sake hwaɗi, ina jinka."

Bai rufe baki ba sai amai. Na yi ihu, Baba ya taso daga bakin rijiya. Ya durƙusa, ya sa hannu a ƙeyar Hassan, ya gwada sunkuyar da kansa zuwa ƙirji. Wuyan ya ƙi, Hassan ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Na ga fuskar Baba, na gane sanƙarau ne. Har yau in ɗalibi ya ce mini kansa yana ciwo, ba na tsayawa binciken ko gaskiya ne.

A amalanken jakin maƙwabcinmu aka kai shi Illela, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane, ni ina gudu a gefe. Asibitin ya cika, an kakkafa rumfuna a ƙarƙashin itatuwan dogonyaro, marasa lafiya a kan tabarmi jere. Ma'aikatan suka karɓe shi nan take, suka ce mutum ɗaya kawai zai zauna da shi. Baba ya shiga, ni aka tsayar da ni a bakin shinge. Na leƙa har na gaji ban hango shi ba.

Inna ba ta je ba. Kunyar ɗan fari ta hana ta ko tambayar yadda yake a gaban mutane. Sai dai kullum ta dama kunu mai kauri, da geron da ban san inda ta ɓoye shi ba, ta zuba a kwano ta ɗaure da ƙyalle ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. In taka zuwa Illela da rana tsaka, da azumi a bakina, in miƙa wa Baba ta saman shinge. Duk tafiyar ina shirya abin da zan ce wa Hassan in an bar ni na shiga. Na roƙi Baba ya gaya masa na ce ya yi haƙuri. Baba ya ce ba ya gane kowa.

Rana ta uku na iso bayan azahar, na tarar da Baba a waje, zaune a ƙasa ya jingina da shinge, rigar Hassan a ninke a kan gwiwarsa. Na miƙa masa kwanon. Bai karɓa ba.

"Koma da shi gida," ya ce. "Ɗan'uwanka ya riga mu."

A nan Illela aka yi masa sutura kafin la'asar, saboda ciwon ba a bari an kai shi gida ba. Na koma Kalmalo da kwanon a hannu. Inna tana tsakar gida tana juya gabun da ta shanya. Ta dubi kwanon, ta ga ƙullin da ta yi da safe yana nan ba a kwance ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta shiga ɗaki ta saki labule. Ba wanda ya ga hawayenta. Bayan kwana huɗu masu allurar rigakafi suka iso Kalmalo, muka yi layi a ƙofar gidan hakimi, aka yi mini a damtse. Sallah ta zo ta wuce, ban iya tuna ko me muka ci ba.

Na gwada komawa gindin gawo sau ɗaya. Na karanta layi huɗu, na rufe littafin, na juya hagu na buɗe baki. Sai na tashi na koma gida na jefa littafin da ƙamus cikin rumbu, wanda a lokacin babu komai a cikinsa. Malam Garba ya zo ta'aziyya a kan kekensa, na ji muryarsa a zaure, na haura katanga na gudu. Ya bar saƙo cewa za a buɗe makaranta bayan mako uku. Na ce wa Baba na bar boko. Bai ce mini e ba, bai ce a'a ba, shi ma a lokacin magana ta yi masa nauyi.

Kwana biyu bayan haka, da sassafe, ina shirin fita garka, Inna ta kira ni. Tana zaune a bakin murhu, ga littafin da ƙamus a kan tabarma, ta kakkaɓe musu ƙura.

"Zamna ka yi abin da kuka yi."

"Ba ni da wanda zan hwaɗa wa, Inna."

"Ni kurma ta?"

Inna ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba. Na zauna don kada in yi mata musu. Na karanta, na rufe, na faɗa mata a gurguje yadda jini yake zagaya jiki. Ta ajiye muciya ta karkace kai.

"Ban gane ba. Sake."

Nan na fashe. Na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba, na gaya mata duk abin da na ce masa a gindin gawo, kalma bayan kalma, da yadda na ja hannunsa yana cewa kansa. Ta bar ni har na yi shiru don kaina.

"Hassan ya gaya min kullum kana yi mishi hwaɗa," in ji ta. Wannan ne karo na farko da na ji sunan a bakinta, kuma ban sake ji ba har ta rasu. "Dariya shika yi in shina ba ni labari. Ya ce wani lokaci tun hwaɗin farko ya gane, sai shi ce bai gane ba don ka sake, don in ka sake ya fi zamna maka. Ya ce kai ka son makaranta, kunya kaka ji."

Ta goge fuska da bakin zane, ta tura mini littafin.

"Ni kam da gaske ban gane ba. Ina jinin ka zuwa in ya bar zuciya?"

Kusan mako uku muka yi a haka. Kullum bayan Asuba, ita tana hura wuta ko tana tankaɗe, ni ina karantawa ina rufewa ina faɗa. Lissafi ma da ita na yi shi, da curin gabu muke raba kashi uku da kashi huɗu. In na yi ƙoƙarin wucewa da sauri sai ta ce, "Mi na na wanga kuma?" dole in koma. Wani lokaci sai in ga idonta ya tafi wani wuri, in yi shiru, ta ce ci gaba, tana ji.

Aka buɗe makaranta. Na zauna a bencinmu na bakin ƙofa, ba wanda ya zo ya zauna kusa da ni, ba kuma wanda ya sake ce mini mai gadin ƙofa. Da aka raba takardar tambayoyi na karanta ta farko, sai na ga na san abin da take nema. Ban taɓa jin haka ba. Na rufe ido na faɗa wa kaina amsar da Hausa, sannan na nemi Turancinta. Ba duka na iya ba, amma babu takardar da na miƙa fara.

Ranar da aka ba da sakamako, ruwan farko ya sauka kwana ɗaya kafin nan da la'asar, hanya duk ƙamshin ƙasa. Cikin mu shida da muka rage na layin baya, huɗu muka haye aji uku. Ni a tsakiyar aji na fito. Malam Garba da kansa ya miƙo mini takardar, ya riƙe hannuna ya daɗe, a ƙarshe dai cewa ya yi in gaida Baba.

Ban tarar da kowa a gida ba, duk gari an fita shuka. Na wuce gonarmu ta tudu. Na hango Baba shi kaɗai da sungumi, yana tafe yana sara, ƙwaryar iri a ajiye a bakin gona. Na tsaya a gabansa na miƙa takardar. Ya goge hannu a riga ya karɓa, ya juya ta, ya miƙo mini.

"Karanta min."

Na karanta masa, na fassara masa layi bayan layi, har inda aka rubuta an ciyar da ni gaba. Ya gyaɗa kai.

"Shi fa?" ya ce. "Da ya ci?"

"Da ya fi ni, Baba."

Ya sake gyaɗa kai, ya juya mini baya ya ɗauki sungumi. "Aje takardar inda ba ta jiƙewa, ka ɗauko iri."

Na ninke ta na sa a hula, na ɗauki ƙwaryar. Da na zo bakin saran sai na ga sahu biyu ya yi, dama da hagu, tun daga farkon gona har inda yake, yadda ya saba yi in mu biyu muna binsa a baya. Na bi na dama ina jefa iri ina rufewa da diddige har ƙarshe, sannan na dawo na bi na hagu.